Mata a Fagen Wasannin Duniya: Tambayoyin da Ake Yawan Yi da Amsoshinsu

Duk ranar da Super Falcons ko D'Tigress, wato tawagogin matan Najeriya na ƙwallon ƙafa da na kwando, suka ciwo kofi, ko aka nuno wata 'yar tsere da hijabinta a talabijin, sai muhawara ta tashi a majalisa da shafukan sada zumunta. Wani na murna, wani na tambayar abin da mace take nema a fili, wani kuma yana cewa ai Turawa sun riga sun daidaita komai, me kuma ake so. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a irin wannan zama.

Yaushe mata suka fara shiga gasar Olamfik?

A 1900, a birnin Paris. Gasar farko ta zamani da aka yi a Atina ta ƙasar Girka a 1896 babu mace ko ɗaya a cikinta, domin wanda ya farfaɗo da gasar, Bafaranshe Pierre de Coubertin, bai yarda mata su fafata a bainar jama'a ba, kuma bai sauya ra'ayi ba har ya bar shugabanci. A gasar Paris mata 22 ne cikin 'yan wasa 997. Charlotte Cooper ta Ingila ta lashe wasan tanis, ta zama mace ta farko da ta ci wasan ɗaiɗaiku a tarihin gasar.

Hana su aka yi, ko dai su ne ba su nuna sha'awa ba?

Hana su aka yi, kuma a rubuce. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Ingila. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko matan da ke aiki a masana'antu sun kafa ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa, jama'a kuma suka karɓe su hannu bibbiyu. A watan Disamba na 1920 mutum kusan 53,000 suka cika filin Goodison Park na Everton don kallon wasan mata. Shekara guda bayan haka hukumar ƙwallon Ingila ta haramta wa mata buga wasa a filayen ƙungiyoyinta, tana cewa ƙwallo bai dace da su ba. Haramcin ya kai shekara 50. A Birazil, ƙasar da ta haifi shahararriyar 'yar ƙwallo Marta, doka ce ta gwamnati ta hana mata ƙwallo daga 1941 zuwa 1979.

A guje-guje ma haka aka yi. Sai da wata Bafaranshiya mai suna Alice Milliat ta gaji da roƙo ta shirya wa mata tasu gasar ta duniya a 1922, sannan shugabannin Olamfik suka sassauto, suka shigar da guje-guje da tsalle-tsalle na mata a gasar Amstadam ta 1928. Ko a nan ɗin, bayan tseren mita 800 jaridu suka yayata cewa matan sun zube a ƙasa don wahala, aka kama wannan aka cire tseren, bai dawo ba sai 1960. Gudun yada-ƙanin-wani kuwa sai 1984 aka bar mata su yi shi a Olamfik. A 1967, lokacin da Kathrine Switzer ta shiga na birnin Boston, wani jami'in gasar ne ya bi ta a guje yana ƙoƙarin yage lambar da ke jikin rigarta.

Duk ƙofar da ka ga ta buɗe a wannan tarihi, in ka bincika za ka tarar wata mace ce ta tsaya tana bugawa har aka gaji aka buɗe.

An ce a gasar Olamfik ta Paris 2024 an raba gurabe daidai tsakanin maza da mata. Ke nan magana ta ƙare?

Gaskiya ne an ware wa kowane ɓangare rabi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. A gasar Tokiyo ta 1964 mata kusan kashi 13 cikin 100 ne, a 1984 kashi 23, a Landan 2012 kashi 44. A Landan ɗin ne aka shigar da damben mata, kuma a nan ne Saudiyya da Katar da Burunai suka tura mata karon farko. A Paris kuma gudun yada-ƙanin-wani na mata ne ya rufe wasannin guje-guje, matsayin da a da na maza ne.

Amma gurbin shiga gasa shi ne mafi sauƙin ƙirgawa, kuma kwamiti ɗaya ne ke yanke shi a zama ɗaya. Wa ke horar da waɗannan mata? A gasar Tokiyo ta 2021 kashi 13 cikin 100 ne kawai na masu horarwa mata ne. Nawa ake biyansu idan sun koma gida? Wa za su kai wa ƙara idan aka zalunce su? Kuma a daidai lokacin da ake bikin rabon daidai a Paris, 'yan matan Afganistan ba su da damar motsa jiki ko a harabar makaranta, tun dawowar Taliban a 2021. Mataki ne aka taka, babba, amma tafiyar da sauranta.

Me lambar zinaren wata 'yar tsere za ta ƙara wa macen da ba ta taɓa shiga fili ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma bai kamata a amsa ta da kirari ba. Lambar zinare ba ta biya wa bazawara kuɗin haya, ba ta gina asibitin haihuwa. Wanda ya ce maka wasanni kaɗai za su kawo adalci tsakanin maza da mata ya yi ƙari.

Abin da take yi shi ne sauya abin da mutane ke ganin zai yiwu. A 1984 Nawal El Moutawakel, ita kaɗai ce mace a tawagar Maroko, ta lashe tseren tsallake shinge na mita 400 a Los Anjales. Ita ce Musulma 'yar Afirka ta farko da ta ci zinare a Olamfik. Ba ta tsaya nan ba: ta kafa tseren mata na shekara-shekara a Kasabalanka wanda dubban mata ke shiga, ta zama ministar wasanni a ƙasarta, ta kuma kai matsayin mataimakiyar shugaban kwamitin Olamfik na duniya. A 1992 Derartu Tulu, 'yar ƙauye daga yankin Arsi na Habasha, ta ci tseren mita 10,000 a Basalona. Bayanta ƙauyukan Habasha da Kenya sun fitar da jerin 'yan mata da suka gina wa iyayensu gidaje, suka biya wa ƙannensu makaranta da kuɗin gudu. Uban da ya ga haka a gidan maƙwabcinsa, kallon da yake yi wa 'yarsa ba zai zama irin na da ba.

Sannan akwai abin da ba a nunawa a talabijin, wanda a ganina shi ne ya fi. A 1972 Amurka ta yi dokar da ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambancin jinsi, har da a wasanni. Kafin dokar, 'yan matan sakandare masu wasanni ba su kai 300,000 ba. Yanzu sun haura miliyan 3. Kaɗan ne cikinsu suka zama zakaru. Sauran sun samu lafiyar jiki, wasu sun samu gurbin karatun jami'a kyauta, sun koyi aiki da mutane da jure faɗuwa da sake tashi. Kofin duniya huɗu da matan Amurka suka ci a ƙwallon ƙafa daga wannan doka ya tsiro. Wato ribar ta gaskiya a makaranta take, kofi shaida ce kawai.

Ina matsayin Najeriya da maƙwabtanta a wannan fage?

In ba don mata ba, da tarihin wasannin Najeriya ya yi kunya a wurare da dama. Zinaren farko da Najeriya ta ci a Olamfik mace ce ta ciwo shi: Chioma Ajunwa, 'yar sanda, da tsallen mita 7.12 a Atlanta a 1996. Lambobi biyu da ƙasar ta samo a Tokiyo duk na mata ne, azurfar Blessing Oborududu a kokawa da tagullar Ese Brume a dogon tsalle. A 2022 Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12. A gasar naƙasassu ta Paris 2024, zinare biyu da Najeriya ta ci duk mata masu ɗaga nauyi ne suka ciwo su.

Super Falcons ba su taɓa rasa zuwa gasar kofin duniya ba tun da aka fara ta a ƙasar Sin a 1991, kuma a watan Yuli na 2025 suka ɗauki kofin Afirka karo na 10 a Rabat, bayan an zura musu biyu suka rama suka ci 3-2. D'Tigress sun ɗauki kofin ƙwallon kwando na Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Paris suka kai zagayen 'yan takwas, abin da babu wata tawagar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi a Olamfik. Mai horar da su a lokacin mace ce, Rena Wakama.

Kamaru na da Françoise Mbango, mai zinare biyu a tsalle-uku, 2004 da 2008. Nijar na da Aminatou Seyni, wadda ta zo ta huɗu a tseren mita 200 a gasar guje-guje ta duniya ta 2022.

To me ya sa ba a biyansu kamar maza? Ai ƙwallon maza ne ke kawo kuɗi.

Bari mu fara da girman tazarar. Ladan da FIFA ta raba a gasar maza ta Katar 2022 dala miliyan 440 ne. Na mata a 2023 dala miliyan 110. A Afirka, ƙasar da ta ci kofin maza na 2023 ta samu dala miliyan 7, Super Falcons kuwa miliyan 1 a 2025.

Maganar cewa na maza ya fi kawo kuɗi gaskiya ce, ba mai musu. Amma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. An fara gasar kofin duniya ta maza a 1930, ta mata sai 1991, kuma tsakanin nan shekaru da dama doka ce ta hana matan taka leda. Har zuwa gasar 2019 haƙƙin nuna wasannin mata haɗe yake da na maza a ciniki ɗaya, ba a ma san farashinsa ba. Da aka fara sayar da shi daban aka kuma zuba jari, sakamako ya bayyana: kusan mutum miliyan 2 suka shiga filaye a Ostireliya da Niyuzilan a 2023, FIFA ta ce gasar ta samar da dala miliyan 570. A 2022 mutum 91,648 suka kalli matan Basalona a filin Camp Nou.

Sai kuma a bambanta abu biyu. Albashin kulob kasuwa ce ke yanke shi. Alawus ɗin wakiltar ƙasa kuwa daga aljihun hukuma ɗaya yake fitowa, tuta ɗaya ake ɗagawa, don haka hujjar kasuwa ba ta da ƙarfi a nan. Norwe ta daidaita nata a 2017, Amurka a 2022 bayan 'yan wasanta sun kai hukumarsu kotu aka sasanta a kan dala miliyan 24. A tanis, gasar US Open ta daidaita lada tun 1973, Wimbledon sai 2007.

A Najeriya batun bai ma kai ga daidaitawa ba, batun a biya abin da aka yi alƙawari ne. Super Falcons sun ƙi fita daga otal a Afirka ta Kudu a 2004, a Abuja a 2016, a Faransa a 2019, duk saboda bashin alawus. Abin takaici ne ƙwarai a ce tawagar da ta fi kowace ciwo wa ƙasa kofi sai ta yi zaman dirshan kafin a ba ta haƙƙinta.

Mace za ta iya shiga gasar duniya da hijabinta?

A yawancin wasanni yanzu, e. Amma sai da aka sha fama. FIFA ta hana rufe kai a 2007 da hujjar kare lafiya, har ta kai ga tawagar matan Iran ta rasa wasanta na neman gurbin Olamfik da Jodan a 2011 saboda shigarsu. An fara gwajin janye haramcin a 2012, aka tabbatar da shi a 2014. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta biyo baya a 2017. Ibtihaj Muhammad ta Amurka ta ci tagulla a wasan takobi a Riyo 2016 da hijabinta. Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama ta farko da ta buga gasar kofin duniya ta manya da shi a 2023. Sifan Hassan, da ta lashe gudun yada-ƙanin-wani a Paris, da hijabi ta hau dandali ta karɓi zinarenta a bikin rufe gasa.

A wannan gasar ce kuma Faransa mai masauƙin baƙi ta hana nata 'yan wasan sanya shi, da sunan raba addini da gwamnati. Ban ga yadda za a kira wannan adalci ga mata ba. Dokar da ta ce wa yarinya ta zaɓi tsakanin addininta da wasanta ta kore ta ne daga fili, kamar yadda dokar Taliban ta kore ta.

Kuma ƙorafin tufafi ba na Musulmi kaɗai ba ne. A 2021 an ci tarar matan Norwe masu ƙwallon hannu ta bakin teku Yuro 1,500 don sun sa gajeren wando maimakon ɗan kamfan da doka ta tilasta musu. A Tokiyo matan Jamus masu wasan alkafura suka fito da riga mai rufe jiki har idon sawu, suna cewa mace ce ya kamata ta zaɓi abin da za ta sa.

Addini bai hana mace motsa jiki ba?

Hadisi ya zo a Abu Dawud cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta tsere masa a karon farko, daga baya ya rama. Inda malamai ke magana shi ne sutura da cuɗanya da tafiya ba muharrami, kuma hukuncin wannan a wajensu za a nema. Abin lura dai shi ne ƙasashen Musulmi da dama sun nemi hanyar da za ta kiyaye waɗannan sharuɗɗa ba tare da rufe fili ba. Saudiyya ta shigar da darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati a 2017, ta buɗe wa mata filayen kallo a 2018, ta fara babbar gasar ƙwallon mata a 2022, har 'yar Super Falcons Ashleigh Plumptre ta koma Al-Ittihad ta Jidda a 2023.

Iyaye da yawa na tsoron a lalata musu 'ya'ya a sansanin horo. Tsoron na da tushe?

Yana da shi, ruwa ba ya tsami banza. Duk mai goyon bayan wasannin mata da ya raina wannan tsoro bai yi wa matan adalci ba. A Amurka, likitan tawagar wasan alkafura Larry Nassar ya shafe shekaru yana cin zarafin yara mata, sama da 150 suka ba da shaida a kotu a 2018 kafin a yanke masa ɗaurin da ba zai fita ba. A 2019 FIFA ta kori shugaban hukumar ƙwallon Afganistan har abada kan irin wannan laifi. A Mali, a 2021, an kama mai horar da tawagar 'yan mata ta ƙwallon kwando bayan 'yan wasa sun fallasa abin da ake yi musu. A 2023 duniya na kallo shugaban hukumar ƙwallon Sifaniya Luis Rubiales ya sumbaci 'yar wasa Jenni Hermoso ba da izininta ba a wajen ba da kofi, kujerarsa ta tafi, kotu ta same shi da laifi a 2025.

A duk waɗannan, abu ɗaya ne ke maimaituwa: namiji guda ne ke riƙe da makomar yarinya, shi ke zaɓen wadda za ta buga da wadda za ta tafi ƙasar waje, kuma babu wanda za ta gaya wa. Maganinsa a ƙara mata masu horarwa da likitoci da masu rakiya, a samar da wurin kai ƙara wanda ba ya ƙarƙashin hukumar wasan, a kuma bar iyaye su shiga su ga inda 'ya'yansu ke kwana. Uwar da ta tambayi wa zai raka 'yarta gasa tana kan hanya, kuma haƙƙinta ne a ba ta amsa.

Aure da haihuwa fa?

Ba sa kashe wasa. Faith Kipyegon ta Kenya ta haihu a 2018, ta dawo ta ƙara zinare biyu na Olamfik a mita 1,500. Nada Hafez ta Masar ta yi wasan takobi a Paris da cikin wata 7. Abin da ke kashe shi shi ne yanke albashi. Bayan 'yar tseren Amurka Allyson Felix ta fito ta bayyana a 2019 yadda kamfanin kayan wasanni na Nike, mai ɗaukar nauyinta, ya nemi rage mata kuɗi da ta haihu, kamfanin ya sauya ƙa'idarsa. Tun 2021 dokar FIFA ta ba 'yar ƙwallo hutun haihuwa na mako 14 da aƙalla kashi biyu cikin uku na albashinta.

Su wa ke riƙe da shugabancin wasannin?

Har yanzu galibi maza. Kwamitin Olamfik na duniya bai shigar da mace cikin mambobinsa ba sai 1981. Abin alfahari ga nahiyarmu shi ne manyan kujeru biyu da mata suka fara hawa 'yan Afirka ne suka hau: Fatma Samoura ta Senegal ta riƙe babbar sakatariyar FIFA daga 2016 zuwa 2023, Kirsty Coventry ta Zimbabuwe kuma aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik a watan Maris na 2025. A alƙalanci, Salima Mukansanga ta Ruwanda ta busa wasan kofin Afirka na maza a Kamaru a 2022, Stéphanie Frappart ta busa na kofin duniya a Katar a ƙarshen shekarar.

Me ya sa 'yan Arewa ba su da yawa a waɗannan tawagogi?

Ba rashin ƙarfi ba ne, ba kuma rashin baiwa ba. Yarinyar da ke ɗebo ruwa daga nesa, ta yi daka, ta yi tsallen igiya da gaɗa a dandali ba ta rasa jiki. Abin da ta rasa shi ne fili a makarantarta, malamar motsa jiki mace, takalmi, da gasar makarantu da za a gan ta. Da yawa ma makarantar kanta suka rasa. Ƙungiyoyi irin su Nasarawa Amazons da Adamawa Queens sun nuna ana iyawa, amma kulob ba ya ƙirƙiro 'yar wasa daga sama, a firamare ake fara ta.

Maroko ta nuna yadda ake yi. Daga 2020 hukumar ƙwallonta ta ɗauki nauyin albashin 'yan wasa mata a manyan rukunoni biyu, ta kafa gasannin 'yan ƙasa da shekara 17. Cikin shekara biyar tawagarta ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka sau biyu, ta kuma tsallake zagayen farko a zuwanta na farko kofin duniya. Gwamnatin jiha da ke son irin wannan a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ba sai ta jira Abuja ko Yamai ba: makarantun kwana na 'yan mata na nan da katangarsu da filinsu, abin da ya rage malama da ƙwallo da ranar gasa.

Me ke tafe a 'yan shekarun nan?

Birazil za ta karɓi gasar kofin duniya ta mata a 2027, karon farko a Kudancin Amurka. A Olamfik ta Los Anjales 2028 ƙwallon ƙafa na mata zai samu tawagogi 16, na maza 12. Daga 2031 kuma FIFA za ta faɗaɗa kofin duniya na mata daga ƙasashe 32 zuwa 48, wanda zai ƙara wa Afirka gurabe a kan huɗun da take da su kai tsaye yanzu.